Daƙiƙa Ashirin da Biyar a Bakin Kwazazzabo

Kai ma ka ga hoton nan, kada ka yi musu. Ya shigo wayarka da safiyar wata Lahadi, ka kalle shi na ƙiftawar ido, ka yi dariya, ka tura wa ƙanwarka, ka kawar da kai. Halinmu ke nan a Tres Peñas: kallo ɗaya, hukunci goma. Haka muka kawar da kai ranar da aka kafa fitilu goma sha biyu tsirara a kan hanya, suka wanke mana taurarin da kakanninmu ke shuka da girbi da su. Saura ƙiris wannan kallon namu na gaggawa ya raba mutum biyu da ke son juna. To, yau zauna ka ji yadda aka yi, tun daga kan akuyar.

Akuyar Delfina Tolaba ce ta ɓata a wani daren sanyi na watan Mayu. Delfina ta yafa bargo, ta ɗauki babbar tocilar babanta, ta bi sawu har bakin jan kwazazzabon da ke bayan gari. Tana haska gabanta sai ta ji an ƙwala ihu.

"Kashe! Don Allah kashe wannan abin!"

Ta juya hasken kan mai maganar. Wani dogon saurayi ne, durƙushe a gindin wani ƙarfe mai ƙafa uku da kyamara a kansa, ya kare fuska da hannu.

"Kai wane ne da za ka ce in kashe? Ka ga akuya mai farin kunne?"

"Na ga hotona da kika ƙona. Awa biyu ina jiran iska ta kwanta!"

"Wa ya aike ka zaman mujiya a bakin rami?"

Ramiro Quipildor ke nan, ɗan garin nan, wanda ya dawo daga karatu a birnin Jujuy yana koyarwa a makarantar firamare. Ya nuna mata bayan kyamarar, hoton fari fat kamar an zubar da madara. Ya ce idon kyamara a buɗe yake barinsa daƙiƙa ashirin da biyar don ya sha hasken taurari, ita kuwa ta zo ta ɗura masa rana.

"Ki biya ni," ya ce. "Ki tsaya can, kada ki motsa, har in ƙirga."

Ta tsaya, don ta nuna masa ba tsoronsa take ji ba. Ya juyo mata da hoton. Ga ta nan baƙa ƙirin a bakin dutse, a samanta kuma Kogin Sama ya malala daga wannan tsauni zuwa wancan. A tsakiyarsa ga baƙar lama, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi, duhun nan mai dogon wuya da kakarta Eulogia ke cewa yakan sauko shan ruwa idan kowa ya yi barci. Rabon da ta gan ta daga ƙofar gidansu tun kafin zuwan fitilu.

"Ashe tana nan," ta ce a hankali.

"Ba inda ta je, 'Yar Tocila. Mu ne muka daina kallo."

Akuyar kuwa tana gida tun ɗazu, tana cin bawon masara.

Duk Asabar ɗin da babu farin wata, Ramiro kan koyar da ɗaukar hoto kyauta ga wanda ya so. Delfina ta shiga ajin. Ya ara mata tsohuwar kyamararsa. Ta koyi kafa ƙafa-uku a kan tsakuwa, ta koyi ɗaura jar leda a bakin tocila don kada ido ya dushe, ta koyi cewa bangon kwazazzabo ba ya nuna janyensa sai rana ta kusa faɗuwa. Da rana tana matse cukun akuya, bakinta yana ƙirga ashirin da biyar.

Saƙo kuma ya fara kai da komo.

"'Yar Tocila, tun safe yara ke tambayata me nake wa murmushi. Na ce musu taswirar duniya."

"Mujiya, ka yi aikinka. Ni ma gishiri biyu na zuba a cuku yau, laifinka ne."

"Gobe ki zo da wuri. Akwai maganar da duhu ba zai iya ɓoye mini ita ba."

Maganar ita ce yana son ta aure shi. Ta ce sai ta yi tunani. Ta yi tunanin daidai daƙiƙa ashirin da biyar.

Sai dai akwai Don Hilarión, mahaifinta, shugaban kwamitin gari. Shekara shida ya yi yana hawa mota zuwa ofisoshin lardi kafin a kafa fitilun nan, kuma yana da dalili: a kan wannan hanyar, cikin duhu, marigayiya matarsa ta faɗa rami, ba ta ƙara takawa daidai ba har ta bar duniya. Shi kuwa Ramiro duk taro sai ya miƙe ya ce fitilun suna zubar da rabin haskensu a sama, inda babu mai tafiya. Gaskiya ya faɗa, amma da zafi yake faɗarta, irin ta wanda ya yi karatu jiya.

Ranar da ya je gaisuwa, Don Hilarión yana zaune a tsakar gida yana zuba shayin mate a ƙoƙo, ana zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Ya ba Kaka Eulogia, ya ba Delfina, ya ba maƙwabcin da ya leƙo aron gatari. Da layi ya zo kan Ramiro, sai ya cika ƙoƙon ya shanye da kansa.

"Malam mai son duhu," ya ce, "'yata ba jemage ba ce."

"Baba, ba duhu nake so ba. Hula kawai za a sa wa fitilun..."

"Ni ban haifi mai tsawonka ba. Ka gaida gida."

Cikin wannan hali Lucrecia ta shigo ajin. Sabuwar nas ce a ɗakin shan magani, 'yar Córdoba, mai jan mayafi da dariyar da ake ji daga ƙetaren kwari. Komai sai ta tambaya, kuma sai ta matso kusa za ta tambaya.

"Malam Rami, zo ka ga nawa, ya yi duhu. Malam Rami, hannuna ya daskare, danna mini."

Delfina ta maimaita sunan a ranta. Rami! Wa ya ba ta izinin yanke masa suna? A daren, da aka zauna shan mate, Ramiro ya miƙa wa Lucrecia ƙoƙon farko bayan nasa. Da ya zo kan Delfina, ta kurɓa sau ɗaya ta ce, "Na gode," wanda kowa ya san ma'anarsa kada a ƙara ba ta.

"Me na yi?" ya rubuto mata kafin ta kai gida.

"Ba komai, Malam Rami."

"Baƙuwa ce, kuma ita ce a hannun damana. Haka zagayen yake."

"Allah ya bar ta a damanka."

"'Yar Tocila, kishi kike yi?"

"Ni? Da wa? Da mai dariya kamar jakin Don Fermín?"

An ce kishi kumallon mata, amma ni na ga na maza ya fi wari, don haka kada kowa ya yi wa Delfina dariya. Ita dai ta fara lura da abin da ba ta lura da shi a da. Ta ƙirga sau nawa ya duba kyamarar Lucrecia, sau nawa ya duba tata. Ta dubi hannayenta da gishirin cuku ya tsattsaga, ta dubi na nas masu santsi. Ta daina tambaya a aji, don kada a ce 'yar kiwo ba ta ganewa.

Asabar ta gaba Don Hilarión ya hana ta fita, wai akuya za ta haihu. Da safiyar Lahadi hoton ya faɗo zauren wayar gari.

Ramiro ne tsaye a bakin kwazazzabo, taurari sun cika bayansa. A jikinsa ga Lucrecia da jan mayafinta, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. A ƙasa ta rubuta: "Daren da ba zan manta ba."

Kafin a fito daga coci an tura shi har wa 'yan garin da ke aikin ma'adinai a kudu. Mata a bakin famfo suka ce dama sun faɗa. Wasu maza biyu da suka je darasin suka ce ba haka aka yi ba, aka ce ai abokansa ne. Don Hilarión ya ajiye wayarsa a gaban 'yarsa, kusa da kwanon miya.

"Ga abin da ake yi da duhu. Yanzu kin gane amfanin fitila?"

Delfina ta kalli hoton sau ɗaya. Sau ɗaya tak, kamar kai, kamar kowa.

Saƙonsa ya shigo: "Ban taɓa ta ba, ko kusa da ni ba ta zo ba. Darasi ne kika rasa. Ki buɗe hoton ki dubi kafaɗarta da kyau."

"Na ga kafaɗar da ta dace in gani. Taka ce."

"Delfina, ki duba dai. Ke ɗalibata ce."

"Na fita daga ajin. Ka aiko a karɓi kyamararka."

Ta toshe lambarsa. Ya zo ƙofar gida sau biyu, Don Hilarión ya tare shi da kallo. A karo na uku zuciya ta ɗebi Ramiro, ya ɗaga murya yadda za ta ji daga ciki: "Garin da ba ya iya kallon abu na minti ɗaya, me zai gane?" Wannan ma bai taimake shi ba. Delfina ta je ɗakin shan magani da kanta, ta sami Lucrecia tana naɗe bandeji.

"Ni fa hoto na tura, 'yar'uwa," in ji nas, tana murmushi. "Ban ce komai ba. Ya yi kyau ne, shi ya sa."

"Kin kwanta a kafaɗarsa ko ba ki kwanta ba?"

"Ke da kika fi kowa ƙoƙari a aji, ni za ki tambaya?"

Wata guda Delfina ba ta ci abincin kirki ba. Idan ta rufe ido jan mayafi take gani. Sai labari ya zo cewa Ramiro ya nemi a mayar da shi wata makaranta a Jujuy, zai tafi bayan hutun sanyi. Kyamarar kuwa bai aiko an karɓa ba.

"Ki mayar masa ko ki yi aiki da ita," Kaka Eulogia ta ce. "Ta zauna mana a kan tebur kamar gawa. Ni dai ki kai ni in ga baƙar lama kafin idona ya ƙarasa."

Suka fita da daddare, tsohuwa tana dogara sanda. Delfina ta kafa ƙafa-uku, ta saita kan wata doguwar ƙyarana mai hannu biyu da ta tsaya a bakin dutse, taurari a bayanta. Ta danna, ta fara ƙirga. Tana kan goma sai ga Don Hilarión da fitilar ƙwai a hannu, yana haki. Ya tsaya can gaban ƙyaranar, ya ware hannuwa.

"Kun haukace ne? Inna, da shekarunki? A bakin rami?"

Bai fi numfashi uku a wurin ba, ya tako ya iso gare su. Kyamara ta yi ƙaras. Delfina ta duba don ta goge hoton da ya lalace, sai ta ƙura masa ido.

Kaka ta leƙa, ta kai ido kusa. Sai ta fashe da dariya har sanda ta faɗi.

"Hilarión! Ashe kai ma budurwa gare ka? Dubi yadda ka rungume ta! Ƙaya ba ta soke ka ba?"

Ga shi nan ƙuru-ƙuru: shugaban kwamiti ya ƙanƙame ƙyarana da hannu biyu, bakinsa a buɗe kamar mai rera mata waƙa.

"Ƙarya ne!" ya ce. "Taku goma ne tsakanina da ita! Kun gani da idonku!"

Delfina ba ta ji shi ba. Ta ƙara girman hoton. Ƙyaranar baƙa ce ƙirin, ba tauraro ko ɗaya a jikinta, don ta tsaya tun daga ɗaya har ashirin da biyar. Amma hular babanta da hannayensa, taurari ne ke leƙowa ta cikinsu kamar ta rariya.

Ta miƙa hannu ta ce, "Baba, ba ni wayarka."

Ta buɗe hoton Lahadi, ta ja shi da yatsu biyu har kafaɗar Lucrecia ta cika fuskar wayar. Taurari. A kafaɗarta, a gashinta, a gefen jan mayafin, taurari birjik. Ta matsa kan Ramiro: baƙi ƙirin, shi kaɗai, tsaye kamar dutsen da yake kai. Lucrecia ta gifta ne can gaba kusa da kyamara, ta karkata kai, aka haska ta, ta wuce. Darasin daren ke nan.

"Wanda ya tsaya shi ke tare taurari," Delfina ta ce, hawaye na zuba. "Mai wucewa, ta cikinsa ake gani. Wata guda yana cewa in duba."

"Rashin sani ya fi dare duhu," in ji Kaka. "Hilarión, in ba ka je ka nemo yaron nan ba, gobe da safe hotonka da amaryarka zai shiga zauren gari."

Don Hilarión ya daɗe yana kallon kansa a jikin ƙyarana. Sannan ya hure fitilar ƙwan. Da idonsa ya saba da duhu, ya ɗaga kai. Ya gano baƙar lama a tsakiyar Kogin Sama.

"Mahaifiyarki ce ta fara nuna mini ita," ya ce. "A nan wurin."

Delfina ta buɗe lambar Ramiro tun kafin su kai gida.

"Mujiya. Na dubi kafaɗarta."

Amsa ba ta zo ba sai da gari ya waye, kuma daren nan bai yi mata gajarta ba.

"Me kika gani?"

"Taurari. Da wautata. Ka yafe mini."

"Ni ma na yi wauta. Da na bar ihu a ƙofar gida, na nuna miki a hankali. Kuma ban kyauta ba da na bar ta tana kirana Rami."

"Wannan kam ba ka kyauta ba. Kada ka tafi Jujuy."

"Takardar neman canjin tana aljihuna, 'Yar Tocila. Kullum sai in kai ƙofar gidan waya in dawo."

Da yamma Ramiro ya zo. Don Hilarión ya zuba mate, ya sha na farko kamar yadda aka saba, ya sake cikawa, ya ƙara sukari cokali guda, ya miƙa wa Ramiro.

"Wannan hular da kake faɗa," ya ce, bai kalle shi ba. "Hanya za ta yi duhu?"

"A'a, Baba. Hasken ƙasa zai koma, inda ƙafa take. Sai ma ta fi haske."

"To, me ya hana ka faɗa haka tun farko?"

"Ya faɗa," in ji Kaka. "Kai ne kunnenka ke ofishin lardi."

Su biyun suka yanka tsofaffin gwangwanaye, suka hau tsani, suka sa wa fitilu uku na layin gidan Tolaba hula. A daren Kaka Eulogia ta zauna a ƙofar gida, ta nuna sama da sanda.

An ɗaura auren a watan Satumba, ranar da babu wata, a ƙaramin cocin gari. Aka zuba wa ƙasa kofin farko, aka ci gasasshen ɗan akuya da dafaffiyar masara a ganye, tsofaffi suka buga ganguna suna jifan juna da baitoci. Lucrecia ta zo, ta rungume amarya, ta ce a kunnenta, "Na so hoton ya zama gaskiya, shi ya sa na yi shiru. Ki yafe." Delfina ta yafe, amma ta zaunar da ita a can ƙarshen tebur, kusa da Don Fermín.

Da duhu ya yi, Don Hilarión da hannunsa ya kashe fitilun tsakar gida. Amarya ta kafa ƙafa-uku, ta saita, ta ruga ta tsaya jikin angonta.

"Kowa ya tsaya cak!" ta ce. "Wanda ya motsa, mun san mai wucewa ne!"

Mutum ɗari da wani abu suka riƙe numfashi. Yara sun motsa, mashaya sun yi tangaɗi, sun fito kamar hayaƙi. Amma a tsakiyar hoton akwai mutum biyu, kanta a kafaɗarsa, baƙi ƙirin, ba tauraro ko ɗaya da ya ratsa su. Kaka Eulogia ta ɗora musu hannu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, da 'ya'ya masu ɗaga kai sama, da garken da ba ya ɓata. Kowa ya ce amin. Allah ya sa su tsufa tare, ya raba su da jan mayafi.

Saura kai. Fitilu uku aka rufe, tara suna nan tsirara suna ƙona sama, ɗaya ma a ƙofar gidanka take. Ka tura hoton ƙarya cikin daƙiƙa biyu, ba ka nemi gafarar kowa ba. Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu kwamiti zai zauna a makaranta kan sauran taran. Kada ka ce akuya za ta haihu. Ka zo da gwangwani da almakashin ƙarfe, ka ɗaga hannu idan an kira ƙuri'a. Kafin nan, yau ɗin nan, ka kashe fitilar tsakar gidanka, ka fita, ka ɗaga kai, ka ƙirga ashirin da biyar. Kada ka motsa.